Taswirar Ɗan Aike: Ƙuruciya a Matsayin Madogarar Tarihin Unguwar Fagge, Kano

Tsakure

Takardar nan ta ɗauki unguwar Fagge ta Kano, ta gwada abin da waɗanda suka tashi a cikinta suke tunawa na ƙuruciya da abin da ke rubuce a littattafan tarihi. Hujjarta ita ce yaron da ake aike ya fi kowa haddace wuri da hanya da iyaka, ko da yake ba ya riƙe shekara, don haka abin da ya tuna madogara ce ga tarihin unguwar da marubutan fada ba su waiwaya ba. Takardar ta kuma taɓo wuraren da wannan madogara take yaudarar mai bincike.

Aike

A farkon shekarun 1970, idan matar aure a Fagge ta nemi kanwa ta rasa, ko zaren ɗinkin hula ya ƙare mata, yaro take ƙwalla wa kira. Ta danƙa masa sisi ko taro, ta tofa yawu a ƙasa, ta ce idan ya kuskura ya bushe bai dawo ba cibiyarsa za ta ruɓe. Sai yaro ya zura da gudu. Kafin la'asar an aike shi sau biyar ko shida: gidan mai ƙuli-ƙuli, shagon tela, injin niƙa, gidan barka da kwanon tuwo a ka. Magidanci ba ya wuce zaure a gidan da ba nasa ba, matar kulle ba ta fita sai da dare, shi ma da izini. Yaro kaɗai ke da ikon shiga ko'ina, ya yi sallama ya kutsa har tsakar gida ba mai ce masa kanzil.

Enid Schildkrout, wata masaniyar zamantakewa daga Amurka, ta zauna a Kano a shekarun 1970 tana nazarin yara a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal. Ta nuna cewa sana'ar matan kulle kacokan a kan ƙafar yara take tafiya, domin su ke sayo kayan haɗi, su ke talla, su ke kai bashi su karɓo. Ita tattalin arziki ne ya dame ta. Amma mai neman tarihi ma yana da rabo a cikin binciken nata, domin wanda ya shekara bakwai ko takwas yana wannan zirga-zirga ya san unguwarsa gida-gida, irin sanin da mai unguwa kansa bai yi mata ba. Ya san gidan da ake Buzanci a ciki, da gidan da tsohuwa ke faɗa da Barbarci idan ranta ya ɓaci, da gidan da ake dafa abincin da ba a dafawa a gidansu.

Mai wannan takarda yana cikin waɗancan 'yan aike. A Fagge aka yanke masa cibiya, a can ya yi makarantar allo da firamare. Abin da zai kawo bai wuce inda ƙafarsa ta taka ba, da abin da sa'o'insa ke maimaitawa idan an haɗu a ɗaurin aure ko zaman makoki, sai ya ɗora shi a kan ma'aunin abin da aka rubuta.

Abin da aka rubuta

Kano ta yi dace da rubutaccen tarihi. Littafin tarihin sarakunanta, wanda H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda har zuwa Muhammadu Bello. Sai dai littafin fada ne, idonsa na kan sarki da yaƙi da ganuwa da naɗin sarauta. Ya faɗa cewa a ƙarni na 15, zamanin Abdullahi Burja, aka buɗe hanyar Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Yakubu gishirin Azbin ya wadata a ƙasar Hausa. Inda masu raƙuman suke sauke kaya, da wanda ke sayar musu da harawa, da yadda jikokinsu suka zama Kanawa, duk wannan bai shiga lissafin marubucin ba.

Tarihin baka ne ya cike gurbin. Abin da aka fi ji a bakin dattawa shi ne Fagge ta kafu a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a matsayin zangon fatake a bayan ganuwa, musamman Buzaye masu ayarin gishiri, kuma ana danganta sunanta da kalmar fage. Labarin yana da ƙamshin gaskiya. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851, tare da ayarin gishiri ya gangaro daga Azbin, kuma ya ƙiyasta mazauna birnin da mutum 30,000, adadin da ya ce yana iya ninkawa da rani idan fatake sun cika gari. Waɗannan baƙi da dabbobinsu dole su sami wurin kwana.

A cikin birni sunayen unguwanni da kansu suke ba da labarin waɗanda suka kafa su: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna. Fagge ba ta ɗauki sunan kowace ƙabila ba, kuma ba a banza ba. Wuri ne da kowa ke sauka.

Zuwan Turawa ne ya mayar da zangon gari. Sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, layin dogo ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa da suka biyo jirgi daga kudu. Su kuwa Turawan suka keɓe kansu a Nasarawa, bisa ƙa'idar da ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin gidajensu da na 'yan ƙasa, wai don gudun sauro da cuta. Fagge ta wayi gari a tsakiya, birni a gefe guda, Sabon Gari a ɗaya gefen, tashar jirgi da kantunan kamfanoni ba nisa. Bahaushen da ya zo ci-rani daga Katsina ko Damagaram ko Haɗeja, wanda ba shi da gidan gado a birni kuma bai ga wurin zama a Sabon Gari ba, nan ya dosa. A zamanin Turawan ne aka yanka unguwar layi-layi, shi ya sa titunanta suke miƙe, saɓanin lungunan birni masu murɗiya. Daga 1940, da aka mayar da Sabon Gari ƙarƙashin En'e, unguwannin bayan ganuwa suka zama Waje a hukumance, suna da Wakilin Waje.

Iyakokin da bulala ta koyar

Babu yaron Fagge na wancan zamani da ya taɓa jin sunan dokar tsara garuruwa ta 1917. Amma kowannensu ya san inda ƙafarsa za ta taka ya dawo lafiya, da inda za ta taka ya sha bulala. Idan aka zana waɗannan wurare a takarda, taswirar mulkin mallaka ce za ta fito, shekara goma da ɗoriya bayan Turawan sun tafi.

Sabon Gari ita ce haramtacciya ta farko. Can ake sayar da giya, can ƙararrawar coci ke kaɗawa ranar Lahadi, can kiɗa ke tashi daga otal da dare. Yaro ba ya zuwa shi kaɗai. Amma idan sallah ta gabato, uba ko kawu ne da kansa zai riƙe masa hannu zuwa kasuwar Sabon Gari ko kantin Bata a gwada masa takalmi. Manya sun san arzikin unguwar a ɗaure yake da wancan gefen, tarbiyya ce suke tsoron ta tsallaka.

Nasarawa kuwa ƙasar mangwaro ce da karnuka. Abin da yara suka sani game da ita ke nan: manyan gidaje a cikin itatuwa, ba kowa a titi, mai gadi da sanda. Wanda ya dawo da mangwaro cikin riga jarumi ne na kwana biyu.

Ta yamma akwai ganuwa, kuma a nan ne lamarin ya fi daɗin nazari, domin mutanen da ke bayanta Hausawa ne Musulmi kamar na Fagge, harshe ɗaya, alƙibla ɗaya. Duk da haka yaran birni suna kiran na Fagge 'yan Waje, da wata murya da ke nuna ba yabo ba ne, su kuma na Fagge suna yi wa na birni kallon waɗanda idonsu bai buɗe ba. A kan tudun ganuwa ake zamiya, a gindinta ake jifa da hoge tsakanin rukuni da rukuni. Yaran ba su san cewa gardamar manya suke kwaikwayo ba, gardamar wane ne ɗan asali wane ne baƙo, wadda take fitowa fili idan ɗan Fagge ya je neman aure cikin gari aka fara tambayar daga ina kakansa ya zo.

Sau biyu a shekara iyakar nan takan narke. Filin Idi yana bayan Ƙofar Mata, a bakin Fagge, don haka ranar sallah birni ne ke fitowa Waje, Sarki da hakimai da dawakai. Ranar hawan Nasarawa kuma Sarki yakan zago ta Waje kafin ya koma gida, yara su hau katanga da rufin shago suna ƙirga lema. Shekaru aru-aru masallacin Juma'a ɗaya ne a Kano, na cikin gari. Da aka gina masallacin Abdullahi Bayero a Fagge a farkon zamanin Sarki Ado Bayero, yara sun ga an daina doguwar tafiya a rana tsaka ranar Juma'a. Masanin tarihi kuwa zai ga ranar da fada ta yarda cewa Waje ta zama gari.

Kanti, gyaɗa da raƙumi

Yaron da aka aika Kantin Kwari a farkon shekarun 1970 yana tuna farin mutum a zaune bayan teburi yana Hausa tiryan-tiryan, yana ciniki da rantsuwa kamar kowa, iyalinsa suna zaune a saman bene. Kwarori ke nan, 'yan Labanan da Siriya, waɗanda Turawa suka ba wa wuri a Fagge ta Kudu. S. A. Albasu ya rubuta littafi guda a kansu, ya fito a 1995. Sun fara da ƙananan kaya, suka shiga sayen gyaɗa, suka kama cinikin atamfa da yadi. Dokar 1972 da ta mayar da wasu harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta fitar da su daga cinikin kanti, da yawansu suka koma masana'antu. Yaran shagonsu da dillalansu Hausawa suka gaji wurin. Shi ya sa wanda aka aika Kwari a 1970 da ƙanensa da aka aika a 1980 suke musu idan an zauna hira, ɗaya ya ce unguwar Kwarori ce mai gidajen kwana, ɗaya ya ce kasuwar Alhazai ce. Kowannensu gaskiya ya faɗa.

Kusancin Kwari ne ya ciyar da telolin Fagge, waɗanda sunansu ya kai har Nijar da Cadi da Kamaru. Yaro ya san watan azumi ya raba tsakiya idan ya ji keken ɗinki bai yi shiru ba har asuba, ya kuma san zuwa shagon tela sau bakwai kafin a ba shi rigar sallarsa.

Dalar gyaɗa ma yaran farkon shekarun 1970 sun riske ta, a wajen Ƙofar Mazugal, buhu a kan buhu har sai an ɗaga kai. Cinikin ya faro ne a 1912, shekara guda bayan isowar jirgi, lokacin da fataken goro suka juya jarinsu da wakilansu na ƙauyuka zuwa gyaɗa. Abin da yaro ya tuna shi ne 'yan dako da waƙarsu, da ƙwayar gyaɗar da ake tsinta a ƙasa idan buhu ya fashe, da ɓeraye manya-manya. Ba ya tuna ranar da dalar ta ɓace, domin a hankali ta zaizaye. Farin 1973 ya fara karya noman, cutar da ta kama gyaɗa a 1975 ta ƙarasa, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati.

Wannan farin ne kuma ya dawo da Buzaye. Da dabbobinsu suka mutu a Azbin, suka gangaro Kano da rawaninsu da takobinsu, suka kama aikin gadi, suna dafa shayi a 'yar buta a bakin kanti. Yaran Fagge suna tsokanarsu su ruga, ba su san cewa bisa tarihin da kakanninsu ke bayarwa, kakannin waɗannan mutane ne suka fara kafa bukka a filin ba. Raƙuma ma ba su daina zuwa ba. Sai dai yanzu mahauta ke jiransu a Abbatuwa.

Bayan isha'i

Da rana yaro ɗan aike ne, da dare kuwa mai kansa ne. Dandali a farin wata shi ne majalisarsu: maza suna langa da kokawa, mata suna gaɗa, 'yan talla sun jera farantan alawar madara da gullisuwa da hanjin ligidi a gaban 'yar fitila. Motar kara da ta langa-langa kowa shi ke ƙera tasa. Da damina akwai kududdufi, ramin da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, inda ake koyon iyo a ɓoye, a kwaso tsargiya, wani lokaci a rasa rai.

Daga goma ga azumi tashe ke karɓe dare. Maza su yi tsoho da gemu, da Macukule, da Jatau mai magani, mata su yi Mairama da Daudu, gida-gida ana ba su hatsi ko kwabo. Tashe ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne yara ke bayyana yadda unguwa take kallon mutanenta da baƙinta: wa ake kwaikwaya, wace karin magana ake yi wa dariya, wace sana'a ake zolaya. Gwagware kuwa suna ɓuya daga Nalako da jama'arsa. Wanda zai tattara wasannin tashen da aka yi a Fagge a 1965 ya gwada da na 1985 zai ga sauyin unguwar ba tare da ya buɗe fayil ko ɗaya ba.

Sai silima. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 kan kafofin watsa labarai a Kano, ya nuna cewa gidan silima na farko da aka gina domin wannan aiki shi ne Rex, a 1937, kuma Kwarori ne suka kafa harkar. Fagge tana da Plaza. Shiga silima abin kunya ne ga ɗan mutunci, ga yaro kuwa laifi ne babba, amma babu wanda ya hana tsayawa a waje ana kallon hotunan da aka manna, ko zagaye wani ƙato da ya shiga jiya yana ba da labarin fim ɗin Indiya daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon faɗan. Yara da yawa sun haddace finafinan da ba su taɓa gani ba. Iyaye kuma suna da makaminsu: gobarar El Duniya ta ranar 13 ga Mayu 1951, inda mutum 331 suka mutu. Shekara ashirin bayan haka ana ba yara labarin a matsayin azabar da ta sauka a kan masu saɓo, har wasu suka girma suna zaton tatsuniya ce aka ƙirƙira don a tsorata su.

Inda madogarar take zamewa

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji Hausawa, kuma wannan ita ce cutar farko ta irin wannan shaida. Duk dattijon da aka tambaya zai ce a zamaninsu kaya na da araha, yara na da kunya, ana kwana ƙofa a buɗe. Ba ƙarya yake yi ba, lokacin ba shi ke cefane ba. Takardu kuwa suna tuna abin da shi ya manta. A watan Mayu na 1953, sakamakon rangadin da S. L. Akintola ya shirya kawowa Kano kan batun neman mulkin kai, an kwana huɗu ana faɗa, kuma iyakar Fagge da Sabon Gari ce fagen dagar. Rahoton hukuma ya ce mutum 36 suka mutu, fiye da 200 suka ji rauni. Ba kasafai wannan ke fitowa a hirar tuna baya ba sai an tono shi. Haka ma siyasar NEPU, wadda aka kafa ranar 8 ga Agusta 1950 ta kuma sami gindin zama a Fagge: ana tuna tarukan da waƙoƙin, ana tsallake ɗaurin da dukan da gabar da ta raba maƙwabta.

Matsala ta biyu ita ce shekara. Yaro ba ya cewa 1972, cewa yake shekarar da aka canza hannu, wato lokacin da motoci suka koma bin dama a watan Afrilu. Yana cewa shekarar Udoji, lokacin da ma'aikata suka karɓi ariyas a farkon 1975 unguwa ta cika da babura da rediyo. Yana cewa ranar da aka kawo gawar Murtala, wanda aka kashe ranar 13 ga Fabrairu 1976, ko shekarar da aka kwashe yara zuwa firamare kyauta, a watan Satumba na wannan shekarar. Waɗannan turaku ne masu kyau, mai bincike yana iya ɗaure labari a jikinsu. Amma akwai tarko. Naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, sai mutum ya ɗauka duk wanda ya ce an aike shi da sule kafin wannan rana yake nufi. Alhali sunayen sun daɗe bayan kuɗin sun tafi, kwabo goma ya ci gaba da amsa sunan sule, kwabo biyar sisi, naira biyu fam. Mai wannan takarda kansa ya daɗe yana rantsuwa cewa da tsohon kuɗi ya sayi littafinsa na farko, sai da ya ga shekarar da aka buga littafin ya janye rantsuwar.

Akwai kuma abin da girmansa ya fi ƙarfin idon yaro. Rikicin Maitatsine na watan Disamba 1980 a 'Yan Awaki ya faru, a maƙwabtan Fagge, kuma alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu. Waɗanda suke da shekara goma zuwa sha biyar a lokacin suna tuna ƙarar bindiga, da gudu da kaya a ka zuwa gidajen dangi, da wari. Abin da suke faɗa game da Maitatsine kansa, wato Muhammadu Marwa, yawancinsa jita-jitar layu da tsafi ce da suka ji a bakin manya. Shaidarsu tana da amfani wajen sanin wace hanya aka bi aka tsere da wane gida ya karɓi baƙi. Ba ta da amfani wajen sanin dalilin rikicin.

Matsala ta ƙarshe ita ce ta fi damun mai takardar, domin shi ma ta shafe shi. Kusan duk abin da aka kawo a sama idon ɗa namiji ne. Yarinyar da ta ɗauki farantin talla ta shiga gidajen da shi bai shiga ba, ta ji maganganun da ba a yi a gabansa ba, ta san wace mata ke adashi da wa, wace ce ungozomar layin, wa ya ba wa riƙon ɗa. Amma da ta kai sha huɗu ko sha biyar aka kai ta ɗakin miji, sau da yawa a wata unguwa, kuma ba ta zama a majalisar ƙofar gida inda masu bincike ke zuwa da na'urarsu. Alhali littafin da ya fi kowanne nuna darajar irin wannan shaida a ƙasar Hausa bakin mace ne: Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta a 1949 da 1950 aka buga a 1954. Almajirin da ya yi shekara shida yana bara a layukan Fagge ya koma ƙauyensu, shi ma ya tafi da tasa taswirar.

Sunaye sun rage

Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Fagge mutum 198,828, a mazaɓu goma da suka haɗa har da Sabon Gari da Rijiyar Lemo. Amma tsohuwar unguwar kasuwa ce ke cinye ta. Magada suna sayar da gida, a rushe, a tayar da bene mai shaguna da ɗakunan ajiya, iyalin su koma bayan gari. An cike kududdufai an yi gini a kai, ruwan sama ya rasa wurin zuwa, a watan Agusta na 2022 ya shiga Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa. Filin Idi kansa an zagaye shi da shaguna, aka rushe su a watan Yuni na 2023. Wanda ya bar Fagge shekara talatin da suka wuce, idan ya dawo yau sai ya tambayi hanyar gidan da aka haife shi.

Abin da ya rage shi ne sunaye. Direban Adaidaita yana kiran Bata, yana kiran Plaza, yana kiran Singa da Wapa, fasinja ɗan shekara ashirin yana sauka bai san cewa takalmi da silima da keken ɗinki ake ambata masa ba. A Wapa yau canjin dala da riyal da sefa ake yi.

Fayilolin lardin Kano suna ajiye a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, kuma za su iya jira. Masu ba da labari ne ba za su jira ba. Roƙon takardar ga sassan tarihi da na harsunan Nijeriya a jami'o'in Kano, da hukumar tarihi da al'adu ta jiha, shi ne a tura ɗalibai layi-layi da na'urar ɗaukar magana da farar takarda, a ce wa kowane dattijo ya zana hanyar da yake bi idan an aike shi, ya faɗi sunan kowane gida da sana'arsa da asalin masu shi. A tura ɗalibai mata su bi tsofaffin da aka aurar zuwa wasu unguwanni. Wanda ya ga faɗan 1953 yana ɗan shekara goma, yau ya haura tamanin.